BABI NA UKU: TARIHIN BIKIN WAƘA DA JERIN GWANO NA GARIN LLANGOLLEN

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin tarihin bikin waƙa da ake gudanarwa kowace shekara a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Llangollen, wanda ke arewa maso gabashin yankin Wales na ƙasar Birtaniya. An fara wannan biki ne a shekarar 1947, watau shekara biyu bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ƙungiyoyin mawaƙa da 'yan rawa daga ƙasashe daban-daban ne ke haɗuwa su yi gasa, su kuma zagaya gari cikin jerin gwano. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, garin ya ɗauki wannan nauyi alhali ba shi da babban zaure, ba shi da isassun masaukan baƙi, kuma yana cikin ƙasar da ruwan sama ba shi da lokaci. Don haka tarihin bikin, a haƙiƙa, tarihi ne na yadda mutanen gari suka riƙa sama wa baƙinsu mafaka, tun daga tanti da ɗakunan gidajensu, har zuwa ginin dindindin da aka buɗe a 1992.

3.1 Garin Llangollen da Yanayinsa

Garin Llangollen yana cikin wani kwari ne a gaɓar kogin Dee, duwatsu sun kewaye shi ta kowane ɓangare. Sunan garin ya samo asali ne daga kalmomi biyu na harshen mutanen Wales: ta farko tana nufin harabar majami'a, ta biyu kuwa sunan wani malamin Kirista ne, Collen, wanda ake danganta kafuwar majami'ar garin gare shi. Yawan mutanen garin bai kai 4,000 ba a ƙidayar 2011. A saman dutsen da ke kallon garin akwai kufan wata ganuwa mai suna Dinas Brân, wadda aka gina a ƙarni na 13. A tsakiyar garin kuma akwai tsohuwar gadar dutse da ta ratsa kogin, wadda ita ce ta haɗa ɓangarorin garin biyu. Wannan gada tana da muhimmanci ga abin da za a tattauna a gaba, domin ta kanta ne jerin gwano ke bi.

Duk da ƙanƙantarsa, garin bai kasance a lungu ba. Babbar hanyar da injiniya Thomas Telford ya gyara a farkon ƙarni na 19, wadda ta taso daga Landan zuwa tashar jiragen ruwa ta Holyhead, ta ratsa ta cikinsa. Haka kuma jirgin ƙasa ya iso garin a farkon shekarun 1860. Waɗannan hanyoyi biyu su ne suka sa mutanen garin suka saba da baƙi masu yawon buɗe ido tun kafin a yi tunanin bikin.

Dangane da yanayi kuwa, a Wales babu rani da damina. Iskar da ke tasowa daga tekun Atilantika ta yamma tana zuwa ne ɗauke da laima, idan ta ci karo da duwatsu sai ta yi sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwa. A kan manyan duwatsun arewa maso yamma, ruwan da ke sauka a shekara yakan wuce milimita 3,000. Llangollen yana gabas da waɗannan duwatsu, saboda haka ruwansa bai kai haka ba, amma duk da haka babu watan da za a ce an tsira daga yayyafi ko ruwa kamar da bakin ƙwarya, har da watan Yuli da ake yin bikin. Ke nan duk wanda ya shirya taro a fili a wannan ƙasa, tilas ya shirya da ruwa a zuciyarsa.

3.2 Tushen Al'adar Gasar Waƙa a Wales

Sunan da mutanen Wales ke kiran irin wannan taro shi ne “eisteddfod”, kalmar da ta samo asali daga aikatau mai ma'anar zama. Watau zama ne na mawaƙa da marubuta waƙa a gaban alƙalai. Taro na farko irin wannan da tarihi ya adana shi ne wanda wani sarki mai suna Rhys ap Gruffydd ya kira a fadarsa da ke Cardigan a shekarar 1176. An yi shelar taron tun shekara guda kafin lokacinsa a Wales da Ingila da Sikotlan da Ailan, aka kuma ajiye kujeru biyu a matsayin kyauta, ɗaya ta gwanin waƙa, ɗaya ta gwanin kiɗa.

Al'adar ta yi rauni bayan da sarautun gargajiya na Wales suka gushe, domin mawaƙan fada sun rasa iyayen gida. Ta sake farfaɗowa ne a ƙarshen ƙarni na 18. A 1789 an yi wani taro a Corwen, garin da ke maƙwabtaka da Llangollen, wanda aka buɗe wa jama'a ƙofa su shiga su saurara. A 1858 kuma Llangollen kansa ya karɓi baƙuncin wani gagarumin taro, wanda ya share fagen kafuwar gasar ƙasa baki ɗaya da aka fara a Aberdare a 1861. Har wa yau, a 1908 an kawo wannan gasa ta ƙasa Llangollen. Ashe ke nan garin ba baƙo ba ne a wannan fage.

Abin da ya mayar da gasar ta zama ta ƙungiyoyi masu haɗa murya kuwa, abu biyu ne. Na farko shi ne ƙananan majami'un Furotesta waɗanda ba sa ƙarƙashin Cocin Ingila, da suka yaɗu a ƙauyukan Wales a ƙarni na 18 da na 19, inda jama'a duka ke rera waƙa tare, an kasa su murya huɗu, biyu na mata da yara, biyu na maza. Na biyu shi ne wata hanya mai sauƙi ta rubuta sautin waƙa da haruffa, wadda wani limami Bature mai suna John Curwen ya yaɗa. Da wannan hanya, mahaƙin kwal ko mai fasa dutse ko manomi wanda bai yi zurfi a makaranta ba yana iya koyon karanta waƙa cikin ɗan lokaci. A 1872 da 1873 wata babbar ƙungiya daga kudancin Wales, ƙarƙashin jagorancin wani maƙeri da ake wa laƙabi da Caradog, ta ci gasar da aka yi a Landan sau biyu a jere. Daga nan ne waƙar haɗa murya ta zama abin alfahari ga talakan Wales, har ya zama da wuya a sami ƙauyen da ba shi da ƙungiyarsa.

3.3 Kafuwar Bikin, 1943 zuwa 1947

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatocin ƙasashen Turai da dama waɗanda Jamus ta mamaye sun yi gudun hijira zuwa Landan. A 1943 wani ɗan Wales mai suna Harold Tudor, ma'aikacin hukumar yaɗa al'adun Birtaniya ta British Council, ya shirya wa wasu wakilan waɗannan gwamnatoci ziyara zuwa gasar ƙasa da aka yi a garin Bangor. Abin da suka gani ya burge su. Wannan ne ya sa Tudor ya fara tunanin a shirya gasa irin wannan wadda za a gayyato ƙasashen waje, da nufin mutanen da suka yi shekara shida suna kashe juna su haɗu a fagen waƙa.

Hukumar gasar ƙasa ba ta karɓi shawarar ba. Waɗanda suka karɓe ta su ne mutum biyu na Llangollen: W. S. Gwynn Williams, masanin kiɗa kuma mai wallafa littattafan waƙa, da George Northing, malamin makaranta kuma shugaban majalisar garin. An kira taron jama'a a 1946, mutanen gari suka amince, suka kuma yi karo-karo a tsakaninsu har suka tara sama da fam dubu ɗaya, kuɗi mai yawa a wancan zamani.

Ya kamata a lura da halin da ƙasar ke ciki a lokacin. Ana rabon abinci ne da kati, har da burodi, wanda aka sa cikin tsarin rabon a watan Yuli na 1946. Hunturun farkon 1947 yana cikin mafi tsanani da Birtaniya ta gani a ƙarni na 20: ƙanƙara ta toshe hanyoyi, kwal ya yi ƙaranci, dabbobi suka mutu da yawa a kan duwatsun Wales, da ƙanƙarar ta narke a watan Maris kuma sai ambaliya ta biyo baya. Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, don haka kafin a yi zancen waƙa sai da masu shirin suka nemo wa baƙi katin abinci daga ma'aikatar abinci ta ƙasa.

An yi bikin farko a watan Yuni na 1947. Ana gab da farawa sai ma'aikatan jirgin ƙasa na Faransa suka shiga yajin aiki, abin da ya jefa mutanen gari cikin zullumin ko baƙi za su iso. Ƙungiyar farko da ta iso ita ce ta mata daga birnin Porto na ƙasar Fotigal, wadda ta zo a motar safa, ita ce kuma ta ci gasar mata. Ƙungiyar maza ma'aikata daga ƙasar Hangari kuwa, da jirginsu ya tsaya, sai suka ci gaba da tafiya suna roƙon masu motoci su rage musu hanya, har suka iso suka ci gasar maza. Wasu 'yan rawa daga Sifen sun yi wasa a wannan shekara duk da cewa babu rawa a cikin tsarin, kuma karɓuwar da suka samu ce ta sa daga baya aka shigar da gasar raye-rayen gargajiya.

3.4 Masauki, Tanti da Ruwan Sama

Matsala ta farko da garin ya fuskanta ita ce inda za a kwana. Otal-otal ɗin garin ba su isa ba, kuma yawancin baƙin ba su da kuɗin biya, domin ƙasashensu ba su farfaɗo daga yaƙi ba. Maganin da aka samu shi ne a rarraba baƙin ƙasashen waje a gidajen mutane, a cikin garin da ƙauyukan da ke kewaye, su kuwa mawaƙan cikin gida aka shimfiɗa musu a zaurukan makarantu da na majami'u. Wannan tsari, wanda larura ce ta haifar da shi, shi ne ya zama ƙashin bayan bikin shekaru da dama. Uwar gida da ba ta jin harshen baƙinta ita ce ke dafa musu abinci, ta busar musu da tufafin da ruwa ya jiƙa a gaban murhu, ta goge su kafin lokacin hawa dandamali. Ta wannan hanya ne sulhun da Tudor ya yi fata ya sauko daga bakin shugabanni ya shiga ɗakin girki.

Matsala ta biyu ita ce inda za a yi waƙar. Tunda babu zauren da zai ɗauki dubban mutane, sai aka riƙa kafa wani makeken tanti a fili kowace shekara, a kwance shi bayan biki. An yi shekara arba'in da biyar a haka. Tanti yana tare ruwa daga sama, amma ba ya hana ƙarar ruwan da ke dukan tamfol, wadda kan yi gogayya da muryar mawaƙa, musamman a wuraren da waƙa ta yi ƙasa-ƙasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙungiyar da ta shafe shekara tana atisaye, ta kuma kashe abin da ta tara a kan hanya, domin mintoci kaɗan ne take da su a gaban alƙalai. Haka kuma filin ciyawa da dubban ƙafafu suka tattaka yakan koma caɓi idan ruwa ya yi kwana biyu yana sauka.

Dukkan ayyukan da wannan hali ya haifar, 'yan sa kai ne ke yin su, waɗanda yawansu kan kai ɗaruruwa. An kasa su kwamiti-kwamiti: na masauki, na fili, na tikiti, na kuɗi, na kiɗa, da na furanni. Kwamitin furanni shi ne ke ƙawata gaban dandamali da furanni masu yawan gaske, wanda hakan ya zama wata alama da aka san bikin da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a garin da mutanensa ba su kai 4,000 ba, da wuya a sami gidan da ba shi da hannu a cikin aikin.

3.5 Jerin Gwano

Idan tanti ya kare gasa daga ruwa, to babu abin da zai kare jerin gwano. Ƙungiyoyi kan fito daga filin biki, kowace da tutar ƙasarta a gaba, sanye da tufafinta na gargajiya, su bi titi su haye tsohuwar gada su shiga tsakiyar gari, suna waƙa da rawa da kaɗe-kaɗe, jama'a sun yi dafifi a gefen hanya.

Muhimmancin wannan zagaye ya fito ta fuska uku. Ta farko, shi ne ɓangaren bikin da ba a biyan kuɗi kafin a kalla, don haka shi ne rabon wanda ba shi da halin sayen tikiti. Ta biyu, babu alƙali babu maki, ƙungiyar da ta sha kaye da wadda ta yi nasara duk sahu ɗaya suke bi. Ta uku, shi ne lokacin da baƙi ke fitowa su gaishe da masu masaukinsu a bainar jama'a. Saboda haka idan aka yi ruwa ranar zagaye, akan shiga tsaka mai wuya. Tufafin gargajiya masu ado suna da tsada, wasu ma na gado ne, ganguna na fata sukan saki idan sun sha laima, kuma mawaƙin da sanyi ya kama wa maƙogwaro ya yi asarar abin da ya kawo shi. Abin da aka saba gani a irin wannan rana shi ne 'yan kallo a ƙarƙashin laima, mawaƙa kuma sun ɗora rigar ruwa ta leda a kan kayan adonsu. Tsayuwar 'yan gari cikin ruwa domin su tafa wa baƙi, da fitowar baƙi cikin ruwa domin kada su bar 'yan gari a tsaye, ita ce ma'anar zagayen a aikace.

3.6 Wasu Muhimman Shekaru

A 1949 wata ƙungiya ta zo daga birnin Lübeck na Jamus, birnin da jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa ruwan bama-bamai a watan Maris na 1942. Shekara huɗu kacal da gama yaƙi, kuma a cikin masu sauraro akwai waɗanda suka rasa 'ya'ya da 'yan'uwa. An karɓe su hannu bibbiyu. Wannan ita ce jarrabawa ta farko da manufar bikin ta fuskanta, kuma ta haye.

A 1953 ƙungiyar yara daga garin Obernkirchen na Jamus, ƙarƙashin jagorancin Edith Möller, wadda a cikinta akwai marayun yaƙi, ta yi nasara. Gidan rediyon BBC ya watsa wata waƙarsu, wadda ta shahara har faifanta ya yi watanni cikin jerin waɗanda aka fi saye a Birtaniya a 1954. A wannan shekara ta 1953 ne Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ziyarci bikin, makonni kaɗan bayan bikin naɗinta, kuma marubucin waƙoƙi Dylan Thomas ya gabatar da wani shiri a rediyo game da abin da ya gani a garin.

A 1955 wata ƙungiyar maza daga birnin Modena na Italiya ta ci gasar maza. A cikinta akwai wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Luciano Pavarotti, tare da mahaifinsa. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun mawaƙan duniya, kuma ya sha faɗin cewa wannan nasara tana cikin abubuwan da suka sa ya rungumi waƙa a matsayin sana'a. Ya dawo ya yi wasa a Llangollen a 1995, kuma kofin babbar gasar ƙungiyoyi, wadda aka fara a 1987, yana ɗauke da sunansa.

3.7 Sauye-sauye da Matsalolin Baya-bayan Nan

Ruwa ya taɓa tarihin garin ta wata fuskar kuma. A watan Disamba na 1964 ambaliyar kogin Dee ta lalata layin dogo a yamma da garin, a daidai lokacin da gwamnati ta riga ta yanke shawarar rufe layin. A watan Janairu na 1965 jirgin fasinja ya daina zuwa Llangollen. Tun daga lokacin sai baƙi suka koma zuwa a motoci, wanda ya ƙara buƙatar filayen ajiye mota, su ma kuma filayen ciyawa ne da ruwa ke iya mayarwa taɓo.

A 1992 aka buɗe babbar rumfa ta dindindin, Sarauniya Elizabeth ce ta buɗe ta. An yi rufinta da farin tamfol mai ƙarfi a kan ƙarafa, ta yadda ta riƙe kamannin tsohon tantin, kuma akan faɗaɗa ta lokacin biki ta ɗauki dubban mutane. Wannan gini ya rage fargabar ruwa, amma ya zo da nasa nauyi, domin gini na buƙatar kulawa da kuɗi duk shekara. A ɗaya ɓangaren kuma al'adar saukar baƙi a gidaje ta ragu, ƙungiyoyi da yawa suka koma kwana a ɗakunan ɗalibai da otal-otal a garuruwan kusa. Tsadar jirgin sama da wahalar samun biza, musamman ga ƙungiyoyin Afirka da Asiya, su ma sun zama cikas.

Daga 1947 zuwa 2019 babu shekarar da ba a yi bikin ba. Abin da ruwa ya kasa yi, annobar korona ce ta yi shi: an soke bikin 2020, na 2021 kuma aka yi mafi yawansa ta intanet. An dawo fili a 2022, shekarar da bikin ya cika 75 da kafuwa, amma cikin matsin kuɗi. A 2024 masu shirin suka haɗa gwiwa da wani kamfanin shirya wasanni domin kawo fitattun mawaƙan zamani, irin su Tom Jones, da nufin kuɗin shiga ya tallafa wa gasar.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda bikin Llangollen ya tsiro daga tsohuwar al'adar gasar waƙa ta Wales, da yadda yaƙi ya ba shi manufa, da kuma yadda ƙarancin abinci da rashin zaure da ruwan sama suka ba shi siffa. An nuna cewa rashin masauki ne ya shigar da baƙi cikin gidajen mutane, rashin zaure ne ya tara ɗaruruwan 'yan sa kai a kan aiki ɗaya, jerin gwano kuwa ya ci gaba da zama wurin da baƙo da ɗan gari ke tsayuwa a fili ɗaya, ko da rana ko da ruwa. Ginin 1992 ya magance matsalar rufi. Matsalar da ta rage ita ce ta kuɗi da ta raguwar cuɗanya tsakanin baƙi da masu gari, kuma ɗorewar bikin a kan manufarsa ta 1947 ta dogara ne ga yadda za a shawo kan waɗannan biyu.